Ciwon Sukari Yana Bin Dangi: Kada Mu Ɓoye Wa 'Ya'yanmu Mata

Yau ina so mu tattauna a kan wani abu da na gani da idona a wani gidan biki, wanda tun daga ran nan ya tsaya mini a rai.

Ana tsakiyar hidimar kamu, gida ya cika maƙil, sai uwar amarya ta yafuto ni zuwa ƙuryar ɗaki, wai in tsare mata ƙofa. Ta kwance bakin zanenta ta fito da ƙwayoyi biyu ta haɗiye da sauri tana waige-waige. Da na tambaye ta lafiya, sai ta ce, "'Yar'uwa, ki rufa mini asiri. Ciwon sukari ne, shekarata shida ke nan da shi, ko amaryar ba ta sani ba." Dalilinta kuwa shi ne tana da sauran 'yan mata uku a gabanta, in magana ta fita cewa ciwon yana cikin danginsu, wa zai zo neman aurensu? Mahaifiyarta da shi ta rasu, yayarta kuma har an yanke mata ɗan yatsan ƙafa. Muna fitowa tsakar gida sai ga gwaggonnin amarya sun tasa ta gaba da kwanon kunu mai madara da sukari, ana ta lallashinta ta shanye, wai don ta ciko kafin ranar da za a kai ta.

Ban ga laifin tsoron wannan baiwar Allah ba, don na san bakin mutanenmu. Amma ra'ayina shi ne wannan ɓoyo cutar da 'ya'yan nata yake yi, kuma masu gudun auren 'yar mai ciwon sukari su ma ba su fahimci yadda gadon yake ba. Bari mu bi maganar daki-daki.

Duk abincin da muka ci mai gari, tuwo ne ko shinkafa ko burodi ko rogo, in ya shiga ciki narkewa yake yi ya zama sukari ya bi jini. Da wannan sukari jiki yake aiki. Sai dai ba ya iya shiga cikin tsoka da kansa, sai an yi masa iso. Mai yi masa ison shi ne wani ruwa da ake kira insulin, wanda wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi take fitarwa, likitoci na ce da ita fankiriyas. A shekarar 1921 ne aka fara tatso wannan ruwa a birnin Toronto na ƙasar Kanada. To, akwai jikin da da sallama ɗaya yake buɗe ƙofa, akwai kuma jiki mai kunnen ƙashi, wanda sai insulin ya yi ta buga ƙofa kafin tsoka da hanta su amsa. Wani likita a Landan mai suna Harold Himsworth shi ne ya bayyana a 1936 cewa masu ciwon sukari iri biyu ne, watau waɗanda ba su da insulin, da waɗanda suna da shi amma jikinsu ba ya jin maganarsa. Na biyun nan su ne mafi yawa nesa ba kusa ba, wajen tara cikin goma, kuma a kansu muke magana yau. Na farkon, wanda ya fi kama yara ƙanana, hanyarsa dabam ce.

In jiki ya yi kunnen ƙashi, sai fankiriyas ta riƙa ninka insulin ɗin da take fitarwa don dai sukari ya samu shiga. Haka za a yi ta tafiya shekara da shekaru, mace tana harkokinta, ko an auna sukarinta a ga lafiya lau. Ran da gaɓar nan ta gaji ta kasa, sa'an nan ne sukari zai taru a jini, a fara ganin ƙishirwa da yawan fitsari da rama da ciwon da ba ya warkewa. Watau ranar da aka ce wa mace tana da ciwon sukari ba ita ce ranar da abin ya fara ba, ya daɗe yana tafe a ɓoye.

Kuma ba shi kaɗai yake tafe ba, ayari gare shi. Yawan insulin a jini yakan sa ƙoda ta riƙe gishiri, hanta kuma ta yi ta zuba maiƙo a jini. Shi ya sa za ki ga mace ɗaya tana da tumbi, tana da hawan jini, sukarinta ya ɗan hau, maiƙon jininta ya yi yawa, sa'an nan wani nau'in kitse mai amfani da ke share hanyoyin jini ya yi ƙasa. Wani malamin likita na Jami'ar Stanford a Amurka, Gerald Reaven, shi ya jawo hankalin likitoci a 1988 cewa waɗannan abubuwa 'yan gida ɗaya ne, kuma kunnen ƙashin nan ne tushensu. Yanzu ƙa'idar ita ce duk wadda ta haɗa uku daga cikin biyar ɗin nan ta shiga ayarin, kuma inda ayarin yake yada zango shi ne ciwon sukari da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

To, ina gado ya shigo? Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma a nan maganarsu ta yi daidai da ta asibiti. Yadda yarinya take ɗauko hancin ubanta da wushiryar uwarta, haka take ɗauko yadda jikinta zai ji maganar insulin, da inda zai riƙa ajiye kitse, ko a cinya da ƙugu ko a cikin ciki kewaye da hanta, da kuma ƙarfin fankiriyas ɗinta wajen jure wahala. Likitoci suna ƙiyasta cewa wanda ɗaya daga cikin iyayensa yake da ciwon, haɗarin ya same shi a tsawon rayuwarsa ya kai wajen kashi 40 cikin ɗari, in kuwa uwa da uba ne duka, ya kan kai wajen kashi 70. Tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya, in Hassana ta kamu, Usaina ta fi kusa da kamuwa fiye da yadda ake gani a tagwayen da ba su yi kama ba.

Wani lokaci ana samun ƙwayar gado guda ɗaya mai ƙarfin gaske. A tsibirin Girinlan, can ƙarshen arewacin duniya inda ƙanƙara ta rufe ƙasa, an gano a 2014 cewa wajen mutum huɗu cikin ɗari na 'yan ƙasar sun gaji wata ƙwaya ta wajen uwa da ta wajen uba, wadda take hana tsokarsu jan sukari yadda ya kamata bayan cin abinci, har haɗarin ciwon a gare su ya ninka wajen sau goma. Amma irin wannan ba shi da yawa a duniya. A wurin yawancin mutane gadon tarin ƙananan abubuwa ne, kowane da ɗan nauyinsa. Wani babban bincike da aka buga a 2024, wanda ya duba mutane sama da miliyan biyu da rabi, ya lissafa wurare fiye da 600 a cikin ƙwayoyin gadon ɗan Adam da suke da hannu a ciwon sukari. Ko ƙwayar da ta fi suna wajen sa ƙiba, wadda aka gano a 2007, wanda ya gaje ta ta ɓangare biyu bai fi sauran mutane nauyi da abin da ya wuce kilo 3 ba in an yi matsakaicin lissafi. Yawancin binciken nan a jikin Turawa aka fara yin sa, abin da ba ya yi mini daɗi, amma an soma gyarawa, don a 2019 wani bincike a kan mutanen Nijeriya da Gana da Kenya ya gano wata ƙwaya da ba a taɓa danganta ta da ciwon ba sai a nan Afirka.

Sai ki ce, to ai uwar amarya ta yi gaskiya ke nan, tun da abu gado ne me faɗarsa zai ƙara? Ki saurari labarin wata ƙabila ta asalin mazauna Amurka da ake kira Pima. Wani ɓangarensu yana zaune a jihar Arizona a bakin kogin Gila, ɗaya ɓangaren kuma yana cikin duwatsun arewacin ƙasar Meziko. Asalinsu ɗaya, harshensu 'yan'uwan juna ne. Na Arizona manoma ne na gaske a da, suna ban ruwa suna noman masara da wake da kabewa. A ƙarshen ƙarni na 19 baƙin da suka zauna a saman kogin suka karkatar da ruwan zuwa gonakinsu, noma ya mutu, yunwa ta shigo, mutane suka koma dogaro da abincin da gwamnati take rabawa, watau farin gari da sukari da kitse. Kafin a ce haka ciwon sukari ya yi musu katutu, har likitocin gwamnatin Amurka suka kafa bincike a kansu tun daga 1965. Su kuwa na Meziko suna nan suna noma da hannu, suna tafiya a ƙasa, suna cin abin da suka shuka. Da aka gwada su aka buga sakamako a 2006, sai aka tarar kashi 38 cikin ɗari na manyan Pima na Arizona suna da ciwon, na Meziko kuwa wajen kashi 7 kacal. Jini ɗaya ne fa, zama ne ya bambanta.

Duk lokacin da na tuna labarin nan sai in tuna kakanninmu. Su ma suna ɗauke da wannan gado, ba daga sama ya faɗo mana ba. Amma mace a da takan tashi da asuba ta yi surfe, ta yi daka, ta yi niƙa a dutse, ta ja ruwa a rijiya, ta tuƙa tuwon mutum goma sha biyar. Abincinta dawa ce da gero da wake da ganye, zaƙi kuwa sai ran salla ko biki. Mu kuwa yau inji ke mana niƙa, yaro ke mana cefane, in za mu gidan da bai fi tafiyar minti goma ba sai mun tsayar da adaidaita sahu. Da safe shayi mai kauri da farin burodi, da rana shinkafa ko taliya, da dare a kora da lemon kwalba. Ba cewa nake a koma wahalar da ba, don ni ma ba na kewar dutsen niƙa. Amma jikin da aka gada daga mai daka ba zai zauna a kan kujera wuni guda bai nuna ba. Wani masani, James Neel, ya taɓa kawo shawara a 1962 cewa jikin da ya iya tanadin kitse shi ne ya tsira a zamanin yunwa, shi ya sa muka gaje shi. Maganar tana da daɗin ji, sai dai binciken da ya biyo baya bai tabbatar da ita ba.

Akwai kuma wani gado na biyu wanda mu mata ya fi shafa, don a cikinmu ake ba da shi. Abin da ɗan tayi ya tarar a mahaifa yana bin sa har tsufa. A ƙasar Holan an yi muguwar yunwa a lokacin sanyin 1944 zuwa 1945, ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, kuma 'ya'yan da suke ciki a lokacin, da suka kai shekara hamsin aka tarar jikinsu bai iya sarrafa sukari kamar na waɗanda aka haifa kafin yunwar ba. A nan gida ma, wani bincike da aka yi a Enugu aka buga a 2010 ya nuna waɗanda aka haifa cikin yunwar yaƙin basasa sun fi waɗanda aka haifa bayanta hawan jini da hawan sukari da suka kai wajen shekara arba'in. Haka kuma in sukarin uwa ya hau lokacin goyon ciki, jaririn yakan zo da girma fiye da kima, shi ma ya taso da haɗarin ƙiba da ciwon. Saboda haka yarinyar da za ta yi aure ba ta san ciwon yana danginsu ba, ba kanta kaɗai za ta cutar ba. Za ta je awon ciki malamar asibiti ta tambaye ta ko akwai mai ciwon sukari a gidansu, ta ce babu, da zuciya ɗaya, alhali uwarta da kakarta da innarta duk suna da shi.

Yanzu sai in juyo kan dangin miji, masu cewa ba za a kawo musu cuta gida ba. Ina jin sun haɗa ciwon sukari da sikila ne. Sikila ƙwaya ɗaya ce, lissafinta a fili yake, in mai AS ya auri mai AS kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu, shi ya sa gwaji kafin aure yake da ma'ana. Ciwon sukari kuwa ɗaruruwan ƙwayoyi ne warwatse cikin jama'a duka, babu gidan da zai bugi ƙirji ya ce ba shi da ko ɗaya. Uwar mijin da take ƙin 'yar mai ciwon sukari, ta duba tumbin ɗanta da ƙwayoyin hawan jinin da maigidanta yake sha. A ganina yarinyar da ta san gadonta tana kiyayewa ta fi kwanciyar hankali a aura a kan wadda ba a taɓa auna kowa a gidansu ba, don a ƙasashenmu na Afirka fiye da rabin masu ciwon ba su ma san suna da shi ba.

Kiyayewar kuwa tana aiki, an gwada an gani. A Amurka an tara mutane sama da 3,000 waɗanda sukarinsu ya fara hawa amma bai kai ciwo ba, aka kasa su kashi-kashi. Waɗanda aka sa su rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, su kuma yi tafiya mai ɗan sauri ta minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari a cikin wajen shekara uku. Waɗanda aka ba ƙwayar metfomin nasu ya ragu da kashi 31. A 2002 aka buga wannan, kuma an sami irin sakamakon a Finlan da ƙasar Sin. Da aka koma aka duba jinin mutanen, sai aka ga har waɗanda suka gaji ƙwayar da ta fi kowace ƙarfi a cikin na gama-gari sun amfana. Ki lissafa da kanki, mace mai kilo 80 abin da ake nema ta sauke bai kai kilo 6 ba, tafiyar kuma rabin awa ce sau biyar a mako. Wadda ba ta fita tana iya zagaya tsakar gidanta, ta karɓi tsintsiya da taɓarya daga hannun 'yar aiki wani lokaci.

Jiki kuma yakan ba da alama tun da wuri, mu ne ba mu san karatunta ba. Akwai wani baƙi mai kauri da laushi da yake fitowa a bayan wuya da hammata. Sau nawa aka zagi yarinya da ƙazanta a kansa, aka dirje ta da soso har fata ta yi ja? Ba dauɗa ba ce, sau da yawa yawan insulin ne yake sa fatar ta yi haka. Akwai budurwar da al'adarta take tsallake wata biyu ko uku, ga ƙuraje, ga gashi a haɓa, in ta yi aure kuma haihuwa ta yi jinkiri a fara zargin kishiya ko iska. Wannan ma yakan tafi tare da kunnen ƙashin jiki, yana bin dangi, kuma likitan mata yana da abin yi a kai. Wadda ta haifi jariri mai fiye da kilo 4 ana ta yi mata barka da ƙaton ɗa, ya kamata ta koma a auna sukarinta, domin macen da sukarinta ya hau da ciki haɗarin ciwon a gare ta daga baya ya ninka sau bakwai ko fiye, ko da ya sauka bayan haihuwa. Shayar da nono yana rage mata wannan haɗari.

Awo mafi arha yana cikin akwatin ɗinkinki. Ki ɗauki tef ɗin tela ki zagaya cikinki tsakanin ƙarshen haƙarƙari da ƙashin ƙugu, ba tare da kin shanye ciki ba. In ya kai santimita 80, watau inci 31 da rabi, ki fara lura. Hawan jini daga 130 bisa 85 yake shiga lissafin ayarin nan. Sukarin safe kafin a karya, daga 100 ya fara hawa, 126 kuwa in an maimaita an sake samu ciwo ne. Wasu asibitocin da wani ma'auni suke rubutawa, 5.6 da 7.0. Kada kuma siririya ta ce ita ta tsira, don akwai mai siririn hannu da ƙafa amma kitsen yana cikin ciki. Mu baƙar fata ma sau da yawa maiƙon jininmu ba ya hawa ko da jiki ya yi kunnen ƙashi, saboda haka kyan sakamakon maiƙo kaɗai bai isa a saki jiki ba.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne wanda muke sayowa da kuɗinmu. Ƙwayoyin nan na sa ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda 'yan mata suke saya a kemis ba takardar likita, da yawansu akwai dekzametazon a ciki. Magani ne mai amfani in likita ya rubuta shi don ciwon da ya dace, amma yana daga cikin abubuwan da suka fi sa jiki ƙin jin insulin. Kumburin fuska da tumbin da yake kawowa ba ƙibar lafiya ba ce. Wasu mayukan bilicin ma suna ɗauke da 'yan'uwan wannan magani, kuma in an daɗe ana shafawa a jiki duka yana ratsa fata ya shiga jini. Ki duba yarinyar da ta gaji ciwon ta wajen uwa da kaka, ba a gaya mata ba, ta sha sha-ka-fashe wata biyu kafin biki, ta shafa mai, aka ɗura mata kunun madara, bayan wata uku ta sami ciki. Da uwarta ta zaunar da ita ta faɗa mata gaskiya, da ko ƙawaye sun kawo mata ƙwayar za ta yi tunani sau biyu.

Ku kuma 'yan makaranta, ga aikin gida na ba ku. In kun je hutu ku sami Inna ko Gwaggo ko Kaka lokacin da take cikin nishaɗi, ku tambaye ta cikin ladabi wane ne a dangi ya yi ciwon sukari, wa ke da hawan jini, wa ɓarin jikinsa ya shanye, yana da shekara nawa abin ya same shi. Ku tambayi ɓangaren uba kamar yadda kuka tambayi na uwa. Ku rubuta a bayan littafi ku adana, ranar da za ku fara zuwa awon ciki za ku neme shi. Kuɗin tara kuma ba dole ne kullum ya ƙare a lemon kwalba da biskit ba, gyaɗa da dafaffen ƙwai da goba suna nan a bakin ƙofar makaranta.

Bayan biki da mako biyu na koma gidan uwar amarya na faɗa mata duk abin da na faɗa muku, na kuma nemi izininta in rubuta ba tare da suna ba. Ta yi shiru wani lokaci, sa'an nan ta ce za ta fara da amaryar in ta zo ganin gida, sauran ukun kuwa sai ta shawarci babansu tukuna. Da zan fito 'yar autarta ta raka ni zaure, yarinya 'yar aji biyu a sakandare, na lura da bayan wuyanta ya soma yin baƙi.